Yadda ake ɗora tsohuwar motar daji a kan tirela a ja ta lafiya

Tsofaffin motocin daji irin su Land Cruiser da Land Rover da Nissan Patrol ba su ƙare ba a ƙasashenmu. Daga Agadas zuwa Damagaram, daga Maiduguri zuwa tsaunin Mambila, har gobe su ne ke shiga inda ƙaramar mota ba ta isa ta leƙa ba. Idan ɗaya ta mutu a hanya, ko aka sayo wadda ta shekara da shekaru a ajiye a bayan gida, hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗora ta ɗungurungum a kan tirela, ƙafafunta huɗu a sama. Jan ta da igiya a kan kwalta ganganci ne, domin idan injin ba ya aiki birki ba ya samun ƙarfinsa, sitiyari kuma ya yi tauri. Tirelar da ake magana a nan ita ce ƙarama mai shimfiɗaɗɗen bene da aksil biyu, wadda ake maƙala wa jif ko akori-kura a baya.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko: kada ka yarda da komai na jikin tsohuwar mota sai ka gwada shi. Birkinta, birkin hannunta, ƙarfen shasinta, iskar tayarta, duk ka ɗauke su a matsayin lalatattu har sai sun nuna maka akasin haka.

Lissafin nauyi kafin a taɓa komai

Lambobi huɗu kake bukata: nauyin motar da za a ɗauka, nauyin tirela ba kaya, iyakar abin da tirelar za ta iya ɗauka, da iyakar abin da motar ja za ta iya ja.

Motocin nan sun fi nauyi fiye da yadda ido ke gani. Gajeriyar Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, tana kusa da kilo 1,400. Land Cruiser FJ40 tana tsakanin 1,500 da 1,700. Land Cruiser 60 da akori-kurar 75 suna wajen kilo 2,000, ita kuwa 80, ta shekarun 1990 zuwa 1997, tana kusa da 2,200. Wannan nauyin fitowa daga kamfani ne. Ƙara bambar ƙarfe ta gaba, kariyar ɗora kaya a sama, safaya biyu, ƙarin tankin mai, da busasshen laka da ya cika cikin shasi, sai ka ga kilo 200 ko 300 sun hau ba ka sani ba. Idan akwai sikelin manyan motoci kusa, irin na masana'antu ko na masu tsakuwa, ka biya kuɗin awo. Ya fi kintace.

Tirela mai aksil biyu irin ta Turai, iyakarta gaba ɗaya kilo 3,500 ne, kuma ita kanta tana cin 600 zuwa 900 daga ciki. Saura kusan 2,600 zuwa 2,900 ke nan. Akwai kuma masu kama da ita a ido waɗanda iyakarsu 2,000 ko 2,700 ne kawai, don haka ka karanta ɗan farantin ƙarfen da ke jikin wuyanta. Tirelar da aka haɗa a wajen mai walda ba ta da faranti. A nan ka duba lambar nauyin tayoyinta: 102 na nufin kilo 850 kowace taya, 104 na nufin 900. Ka duba kuma daga wace mota aka ciro aksil ɗin. Aksil na ƙaramar mota ba zai ɗauki Land Cruiser ba ko da an sa masa sababbin tayoyi.

Sai motar ja. Land Cruiser 100 da 200 an amince musu su ja kilo 3,500 idan tirelar na da birki. Hilux ta tsakanin 2005 da 2015 iyakarta yawanci 2,250 zuwa 2,800 ne gwargwadon samfuri. Yi lissafin: mota 2,300 da tirela 800 sun zama 3,100. Wannan ya wuce ƙarfin Hilux ɗin, ko da injinta zai iya tayar da kayan. Tayarwa ba ita ce matsalar ba, tsayarwa ce. A ƙa'idar Turai, duk tirelar da nauyinta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta. Idan taka ba ta da shi, ka haƙura ka ɗauki hayar babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya. Tan uku marar birki yana tura motar gaba ya juya ta a kwana, ko wane ne direban.

Tsawon bene ya zama mita 4.5 zuwa 5, faɗi kusan mita 2. Ka auna faɗin motar daga wajen taya zuwa wajen taya, musamman idan an sa mata manyan tayoyi.

Kayan aiki

Bel na ɗaure kaya mai makullin ɗamewa guda 4, mai faɗin milimita 50, da guda 2 na ko-ta-kwana. A jikin kowanne akwai ɗan ƙyalle mai rubutun LC da lamba. Nemi mai LC 2,500 daN, wato kusan kilo 2,500 a jan kai-tsaye. Wanda ba shi da ƙyalle, ko ya yage a gefe, ko rana ta ci shi ya yi fari ya bushe, ko an ƙulla shi a tsakiya, a bar shi. Gajerun bel masu zobe a kowane baki guda 4 na zagaye aksil. Sarƙa mai kauri milimita 8 mai daraja 80 a matsayin tsaro na biyu. Winci na lantarki ko na hannu, ko cen-bulok, da kura ɗaya ta ninka waya. Weji huɗu, guntayen katako masu kauri, jak, famfon taya, ma'aunin iska, guduma, safar hannu ta fata, da abin kashe gobara.

Shirya tirela da wuri

A zaɓi wuri mai tauri, miƙaƙƙe, wanda ba ya karkata gefe. A jera motar ja da tirela da tsohuwar motar a layi ɗaya.

Ba a ɗora mota a kan tirelar da ba a maƙale take ba. Da zarar ƙafafun gaba sun taka wutsiyar bene, wuyan tirela zai ɗaga sama. Ko a maƙale ma, nauyin na iya ɗaga bayan motar ja har tayoyinta na baya su saki ƙasa, kuma a yawancin motoci can ne birkin hannu yake kamawa. Sai komai ya fara gangarawa tare. Maganinsa: a sauke ƙafafun tallafi na bayan tirela, ko a jera katako a ƙarƙashin wutsiyarta a bar ratar yatsa biyu, a sa weji a tayoyin gaba na motar ja da na tirela, a sa wa motar ja ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja, a kuma sa ta a giya.

Ƙwallon ja, wanda ke bayan motar ja, da bakin tirela su zama girma ɗaya. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2 ko inci 2 da 5/16, kuma inci 2 bai yi daidai da milimita 50 ba duk da kusancinsu. Bayan an kulle, a juya ƙaramar tayar gaban tirela ta ɗan ɗaga wuyan. Idan bayan motar ja ya biyo shi sama, ya kama. A giciya sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashin wuya, a maƙala wayar birkin gaggawa a jikin ƙarfen ja, a gwada fitilun birki da sigina. Iskar tayoyin tirela a auna ta da sanyi, yadda aka rubuta. Taya 185R14C, alal misali, sai iskarta ta kai 4.5 a ma'aunin bar, wato 65 a ma'aunin masu faci, take ɗaukar cikakken nauyinta. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi tayar. Tayar tirela tsufa ke kashe ta ba cinyewa ba, kuma zafin kwaltar watan Afrilu ba ya yi wa tsohuwar taya uzuri.

Shirya tsohuwar motar

Kafin kowa ya zura hannu, a buɗe ƙofofi da bonet da sanda a duba. Motar da ta daɗe a ajiye gidan rina ce da kunama, wani lokaci har maciji.

A ba tayoyi iska, ko da za su riƙe ta na awa ɗaya ne. A ɗaga kowace ƙafa da jak a juya ta da hannu. Wadda ta ƙi juyawa, takalman birki ne suka manne wa ganga saboda tsatsa. A bubbuga gefen gangar da guduma, a sassauta abin daidaita birkin ta baya, a jijjiga tayar gaba da baya har ta saki. Kada a ce winci zai fizge ta. Motar da ke gangarawa a kan tayoyi masu iska tana bukatar ƙarfi kaɗan, amma mai ƙafafu a ƙage tana iya bukatar fiye da rabin nauyinta kafin ma ta fara hawa.

A taka birki a riƙe. Idan ya nutse har ƙasa, ko yana sauka a hankali, babu birki. A nemi makulli a buɗe sitiyari idan mai kullewa ne. A kwashe duk abin da ke yawo a ciki da kan kariya, a duba ko mai yana ɗiga.

Akwai wani abu game da birkin hannu da mutane da yawa ba su sani ba. A Land Rover Series da Defender, da Patrol Y60, da tsofaffin FJ40, birkin hannu ba ya kama tayoyi. Ganga ce a bayan giyabos ɗin ogzilari tana riƙe farfela. Idan an cire farfelar baya, ko ƙarfen aksil ya karye a ciki, ko taya ɗaya ta baya ta bar ƙasa, za ka ja birkin hannu har ƙarshe motar ta tafi abinta.

Hawa

Injin ya fuskanci gaba, domin can nauyi yake. Idan an cire injin, lissafi ya canza: injin dizal mai silinda shida ya kai kilo 300 ko kusa, kuma rashinsa na mayar da tsakiyar nauyi baya. Irin wannan motar sai an matso da ita gaba sosai, ko a hau da ita da baya idan awo ya nuna haka.

A daidaita gadojin hawa da tsakiyar tayoyi, a tabbata fil ɗinsu ya shiga. Gadar da aka jingina kawai, tayar baya na iya harba ta waje.

Winci ya fi aminci, ko da motar na tashi. A kama ta a ƙugiyar ja da ke ɗaure da shasi, bayan an ƙwanƙwasa wurin da guduma an ji ƙarar lafiyayyen ƙarfe. Motocin da aka shigo da su daga Turai sukan zo da shasin da gishirin hanya ya ci daga ciki, fenti a sama ruɓa a ƙasa. A Land Rover, ƙarfen da ya gitta bayan shasi shi ne kan fara ruɓewa. Idan ana shakka, a zagaya bel a jikin aksil na gaba, gefe biyu. Ba a kama bamba, ko sandar sitiyari, ko ƙwallon ja. Ƙwallon na tsinkewa ya tashi kamar harsashi.

A hawa mai karkatar digiri 15, jan da ake bukata kusan rubu'in nauyin motar ne, wato wajen kilo 570 ga mota mai 2,200, sai a ƙara na gangarawar taya. Ƙarfin da aka rubuta a jikin winci na layin farko ne na waya a kan ganga, kuma yana raguwa yayin da waya ke taruwa. Shi ya sa ake son winci mai ƙarfin da ya kai nauyin motar, ko a ninka wayar da kura, abin da ke ninka ƙarfi ya rage sauri. Kada a bar ƙasa da zagaye 5 na waya a kan ganga. A jefa tsohon bargo a tsakiyar wayar don ya kashe mata ƙarfi idan ta tsinke.

A sa giya a firi. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, yana tsaye a gaba ta gefe inda yake ganin tayoyi biyu. Mutum biyu suna bin tayoyin baya da weji daga gefe, suna matso da shi duk rabin mita. Babu wanda zai tsaya a bayan motar, ko tsakaninta da motar ja, ko ya tsallaka waya. 'Yan kallo, musamman yara, a kore su nesa kafin a fara.

Idan dole sai an tuƙa ta sama, sai an tabbatar da birki. A kulle makullan ƙafafun gaba idan tana da su, a sa ƙaramin ogzilari da giya ɗaya, a saki kuloci a bar ta ta hau da kanta ba tare da totur ba. Wanda ya hau da babbar giya yana wasa da kuloci, shi ne ke zarcewa ya daki bayan motar ja.

Inda za ta tsaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Tirelar da nauyinta ya koma baya tana tafiya lafiya a gudun kilomita 50, sai an kai 70 ko 80, ko babbar mota ta wuce da iskarta, sannan ta fara lilo hagu da dama, kowane lilo ya fi na baya. Idan kuma nauyin ya yi yawa a gaba, bayan motar ja ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu.

Abin da ake aunawa shi ne nauyin da wuyan tirela ke ɗora wa ƙwallo. Tirelolin Turai an gina su a kan kashi 4 zuwa 7 cikin 100 na jimlar nauyi. Na Amurka, waɗanda aksil ɗinsu ke can baya, kashi 10 zuwa 15. Ƙarfen jan motarka yana da tasa iyakar a rubuce, sau da yawa kilo 100 zuwa 150, wasu manyan jif fiye da haka. Ka kusanci wannan iyakar ba tare da ka wuce ta ba. Ga tirela mai jimlar kilo 3,000, duk abin da ya gaza 120 haɗari ne.

Sikelin gida ba lallai ya ɗauki wannan kai-tsaye ba, amma akwai dabara. A ajiye bulo da sikeli, santimita 90 tsakaninsu, tsayinsu ɗaya. A gitta katako mai ƙarfi a kansu, da guntun bututu a ƙarƙashin kowane baki. A ɗora bakin tirela a kan katakon, santimita 30 daga bulo, da wani guntun katako a tsaye don wuyan ya zauna a daidai tsayin da yake zama a kan ƙwallo. Abin da sikeli ya nuna a ninka sau 3. Wannan awo sai an sa wa tirela weji ta kowane gefe, motar kuma an riga an ɗaure ta. Matsar da mota santimita 10 kawai na canza nauyin wuya da kilo da dama, saboda haka a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Idan an dace, a shata wurin tayoyi da fenti don gaba.

Tirela mai aksil biyu ta zauna a miƙe. Idan wuyanta ya ɗaga, aksil na baya ke shan kaya, idan ya duƙa, na gaba. Ta haka taya ɗaya ke fashewa alhali jimlar nauyi bai wuce ƙima ba.

Ɗauri

Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai ta ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya zuwa gaba, da rabin nauyi zuwa gefe da baya. Ga mota mai kilo 2,200, wato kusan 1,760 ke nan lokacin birki mai tsanani, kuma bel biyu na baya ne ke riƙe shi. Ƙananan bel masu faɗin milimita 25 na ɗaure buhu ba su da wuri a nan.

Wurare huɗu, kowanne da bel nasa. Motocin nan suna da aksil mai gangar ƙarfe gaba da baya, kuma shi ne wurin kamu mafi kyau. A zagaya gajeren bel a jikin aksil kusa da sifirin, a zura shi ta ƙarƙashin siririn bututun man birki, kada ya danne shi. Na gaba su ja gaba, na baya su ja baya, kowanne a karkace kamar digiri 30 zuwa 45 daga bene, yana ɗan buɗewa waje. Bel da ya sauka a tsaye yana danna mota ƙasa ne kawai, ba ya hana ta zamewa. Wasu na giciya su. Miƙaƙƙe ya fi, domin idan ɗaya daga cikin giciyayyu ya saki, ɗayan zai ja motar gefe.

Ɗaure ta kan taya yana da kyau ga motar da tayoyinta lafiya suke. Tsohuwar taya kuwa na sacewa a hanya, bel ya yi sako-sako ba wanda ya lura. Ɗaure shasi shi ma yana da matsalarsa: duk ramin da aka faɗa, sifirin zai lotsa, bel ya saki, ƙugiya ta fita ko bel ya sha fizga. Idan bodin na rangaji da yawa saboda shokoba sun mutu, a ƙara bel biyu daga shasi bayan an gama ɗaure aksil, da ƙugiya mai rufewa.

A fara ɗame na baya, sannan na gaba, bel ya yi zagaye biyu zuwa uku a cikin makulli, a rufe hannun makullin, a naɗe saura. Inda bel ya taɓa kaifin ƙarfe a sa guntun tsohon tiyo ko roba. A ƙara sarƙa daga aksil na baya zuwa bayan tirela. Wayar winci a bar ta a maƙale amma ba ta cikin lissafin ɗauri. Sai yanzu a sa giya, a ja birkin hannu, a cire kan batir. A ɗaure bonet da ƙofofin da makullinsu ya mutu, a cire tamfol idan rufin na yadi ne. A auna tsayin komai daga ƙasa a rubuta a gaban direba: bene da mota da kariya sukan kusa mita 3, ga wayoyin lantarki da ke rataye ƙasa-ƙasa a cikin unguwanni.

A kan hanya

Takardun tsohuwar motar su kasance a hannu, har da na kwastan da shaidar saye, domin jami'an kiyaye haɗura da 'yan sanda da kwastan za su tambaya, balle idan za a ƙetare iyaka ta Jibiya ko Illela ko Maigatari. A tashi da sassafe, a guji tafiyar dare.

A tsaya bayan kilomita 15 zuwa 20 na farko a sake ɗame komai, domin bel na miƙewa, mota kuma na zama. Daga nan duk awa biyu, da duk lokacin da aka fito daga hanyar burji. A kowace tsayawa a kusantar da bayan hannu ga cibiyar kowace ƙafar tirela. Ɗumi ba komai. Wadda ta fi sauran zafi, boris ne ya rasa giris ko birki ke kamawa, kuma idan aka ci gaba ƙafar za ta fita.

Kada a wuce kilomita 80 a kan kwalta mai kyau, 50 zuwa 60 inda akwai ramuka. A bar ratar daƙiƙa 5 ko fiye tsakaninka da na gaba. A buɗe kwana, domin tirela na yanke ta ciki. A gangare mai tsawo irin Hawan Kibo ko saukowa daga Gembu, a sa ƙaramar giya tun daga sama, wadda da ita za a hau, a riƙa taka birki a saki. Wanda ya ɗora ƙafa a kai har ƙasa zai ji wari, daga nan birki ya daina kamu.

Idan lilo ya fara, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada a bi lilon da sitiyari, kada a danna birki da ƙarfi, kada kuma a ƙara wuta da sunan miƙar da ita. Idan akwai na'urar birkin tirela ta lantarki, a matsa ta da hannu ita kaɗai. Da an tsaya, a matsar da motar gaba kafin a ci gaba, don abin da ya jawo lilon yana nan.

Saukewa

Wuri miƙaƙƙe, tirela a maƙale, ƙafafun tallafi a ƙasa, weji a tayoyi kamar lokacin hawa. A ɗame wayar winci ta ɗauki nauyin motar kafin a kwance bel ko ɗaya. A kwance na baya, sannan na gaba, a fitar da giya, a saki birkin hannu, a riƙa sakin waya a hankali da ƙarfin winci, ba a buɗe kulocinsa ba. A share mita 10 a bayan tirela, babu mutum babu dabba, a ajiye weji biyu a inda ake son ta tsaya. Sai ƙafafu huɗu sun taka ƙasa an sa musu weji sannan a cire ƙugiya.